Fankarka tana gurnani ba ta juyawa? Zo ka ga abin da ya mutu a cikinta

Idan a Sakkwato kake, ba sai na yi maka dogon bayani kan watan Afrilu ba. Ƙarfe biyu na rana, zafi ya haura digiri 40, kwalta tana turiri, ruwan randa ma ya koma kamar na wanka. Can sai ka ji yaran layi sun kwashe da ihu: "An kawo! An kawo!" Ka zabura ka murɗa makunnin fanka. Ta yi "mmmm". Shi ke nan fa. Gurnani kawai, fikafikan ko gezau. Sai ka ɗauko sandar mofa, ka hau gado, ka ɗan tura ta, sannan ta kama juyi a kasalance kamar wadda aka tasa daga barci. Kada ka ce min ba ka taɓa yi ba. Ke ma da kike dariya, na san akwai sandar da aka ware wa wannan aiki a ɗakinku.

Ni ma na yi har na gaji. A bazarar bara, a ɗakina da ke Mabera, mako biyu na yi ina tayar da fanka da sanda kamar mai korar jaki, har na fara tambayar kuɗin sabuwa a shagunan Bello Way. Wani maƙwabcinmu ne ya ce in bar wahalar da aljihuna, in kira mai gyara tukuna. Dattijon ya zo da 'yar jakarsa, ya hau kujera, ya buɗe murfin saman fankar, ya ciro wani ɗan baƙin akwati mai wayoyi biyu, girmansa bai wuce kwalin ashana da kaɗan ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, hwankag ga lahiyatta lau. Kafasita ta tam mutu."

Abin da ya yi bayan nan shi ya sa nake wannan rubutu. Ya ɗauki tsohuwar, ya ɗosana wayoyinta a soket na ƙiftawar ido, ya zare, ya haɗa bakin wayoyin biyu. Shiru. Ya ɗauko sabuwa daga jaka ya yi mata haka, ya zare ta tsaf, ga ta a hannunsa ba ta jone da komai, ya haɗa bakin wayoyin. Ƙyas! Tartsatsi shuɗi, da 'yar ƙara kamar an karya tsinke. Kada ka gwada wannan, don Allah. Shi ya saba, kuma ko a wurinsa ganganci ne.

Amma tsaya ka yi tunani. Abin nan ba batir ba ne, ba a jone yake ba, to daga ina wutar ta fito? Amsar ita ce dai amsar tambayar nan ta kimiyyar fiziks da ɗalibai ke tsallakewa a WAEC da JAMB, wadda ake zana layi biyu a jere a sa ɗigo a tsakiya, a ce idan caji ya tashi daga nan zuwa can, ƙarfinsa ƙaruwa zai yi ko raguwa. Da yawanmu hadda muka yi mata, muka zubar a ƙofar ɗakin jarrabawa. Ashe tana rataye a saman kanmu kullum.

Me ke cikin ɗan akwatin?

Da za ka fasa shi, ba za ka ga wani abin a zo a gani ba. Falle biyu ne na ƙarfe, sirara ƙwarai, an raba su da leda wadda wuta ba ta ratsa ta, aka naɗe su kamar tabarma don su shiga ƙaramin wuri. Kowane falle da wayarsa. Ba sa taɓa juna, kuma duk sirrin yana cikin rashin taɓa junan nan.

Kowane ƙarfe cike yake da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu yawo da ake kira ilektiron, su ne ke ɗauke da cajin mainas. Idan ka jona kafasita da wuta, sai a yi ta kwasar ilektiron daga falle ɗaya ana jibgewa a ɗayan. Wanda aka kwashe wa ya zama filas, wanda aka jibge wa ya zama mainas. Lura da kyau: ba a ƙara ko ƙwayar caji ɗaya a cikin akwatin ba. Abin da ke ciki ne aka raba gida biyu. Su kuwa filas da mainas jan juna suke yi, don haka raba su sai da ƙarfi, sai an yi aiki. Wannan aikin bai tafi a banza ba. Yana nan a ajiye, yana jiran hanya.

Ka san tankin ruwan da ke saman gidaje a Arkilla ko Gawon Nama. Ruwan da ke cikinsa da wanda ke ƙasan rijiyar burtsatse duk ruwa ɗaya ne. Bambancinsu tsayi. Injin ya sha wuta ya ɗaga shi sama, kuma ko an ɗauke wutar, wahalar da injin ya yi tana nan cikin tsayin da ruwan ya hau. Buɗe famfo ka gani, da gudu zai sauko. To haka kafasita take. Ba wuta take tarawa kamar yadda ake tara gawayi a buhu ba, tsayi take tarawa. Wannan shi ne ajiyayyen ƙarfin lantarki. Da dattijon nan ya haɗa wayoyin, famfo ya buɗe, ilektiron suka kwararo gida gaba ɗaya, ƙarfin ya fita a matsayin haske da zafi da ƙara.

Tudu da gangare

Yanzu mu shiga tsakanin fallayen biyu, inda tambayar jarrabawar take. Warware naɗin a zuciyarka, ka shimfiɗa su suna kallon juna, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da fili a tsakani. Na filas shi ne kan tudu, na mainas shi ne gindin gangare. Abin da ake kira bolt, wanda kake gani a jikin caja da batir, ba komai ba ne illa awon tsayin tudun nan. Bolt ɗaya yana nufin kowane kulom ɗaya na caji da ya gangaro zai saki jul ɗaya na ƙarfi. Kulom mudun awon caji ne, jul kuma mudun awon ƙarfi.

Ɗauki ɗan ƙaramin caji na filas ka ajiye shi kusa da fallen filas, ka sake shi. Fallen da ke kusa zai ture shi, na nesa zai ja shi, sai ya gangara. Yana tafiya ajiyayyen ƙarfinsa yana raguwa, gudunsa yana ƙaruwa, kamar keken da aka sake a gangare ba birki. Abin da ya ragu a can shi ne ya koma gudu a nan, ba ƙari ba ragi. Idan kuma kana so ka mayar da shi sama, kai za ka biya. Sai ka tura shi, kuma duk guminka zai koma ajiya a jikinsa.

Lissafin bai kai na canjin mai shayi wuya ba: yawan cajin sau bambancin bolt ɗin da ya ratsa. Shi ne W = QV da ke littafinka. A ce tsakanin fallayen akwai bolt 200, cajin kuma maikirokulom 3 ne, wato kashi 3 cikin miliyan na kulom. Idan ya gangara tun daga sama har ƙasa, ya saki maikirojul 600. Idan ya tsaya a tsakiya fa? Tsakanin fallaye biyu masu faɗi da ke kusa da juna, gangaren a miƙe yake, babu inda ya fi wani tsauri. Rabin hanya rabin bolt ne, wato 100, don haka maikirojul 300 ya saki. Rubu'in hanya, 150.

Ga tarkuna biyu da masu tsara tambaya ke ɗanawa. Na farko, a matsar da cajin gefe, daga hagu zuwa dama, ba tare da ya kusanci ko ɗaya daga fallayen ba, a ce nawa ƙarfinsa ya canja. Sifiri. Wanda ke kai-komo a kan rufin soro bai hau ba bai sauka ba. Haka nan ko cajin ya bi hanya a miƙe ko ya yi ta kwana-kwana kamar ɗan acaɓa a lungunan Kanwuri, abin da ake dubawa kawai shi ne tsayin da ya taso da tsayin da ya tsaya.

Tarko na biyu shi ya fi cin mutane. Sai a ce cajin ilektiron ne. To shi ilektiron komai nasa a juye yake. Fallen mainas ne ke ture shi, na filas ne ke jan sa. Ka taɓa danna jarka marar komai cikin ruwa? Dutse ƙasa yake so, ita kuwa sama take so, danna ta ƙasa shi ne aikin. Ilektiron jarkar nan ce. Tudunsa shi ne fallen mainas. Idan ya tafi wajen filas, bolt ɗin wurin yana hawa amma ajiyayyen ƙarfinsa sauka yake yi. Idan wannan ya taɓa rikita ka, ba laifin kanka ba ne kaɗai. Benjamin Franklin na Amurka ne ya raɗa sunayen filas da mainas tun a tsakiyar ƙarni na 18, shi kuwa ilektiron sai a 1897 J. J. Thomson ya gano shi a Ingila. Da aka duba, sai ga shi abin da ke yawo a cikin waya shi ne wanda sunan mainas ya faɗa wa. Suna ya riga ya bi duniya, aka bar shi haka, mu muke biyan bashin a ɗakin jarrabawa.

Wata gaskiya da ba a cika faɗa a aji ba: a kafasitar fankarka caji ba ya tsallaka filin nan, leda ta tare. Ta waya yake zagayawa, amma da yake hanya ba ta da ruwa da lissafin, ƙarfin da yake saki ɗaya ne. Ranar da ya huda ledar ya tsallaka kai tsaye, ranar kafasitar ta ƙone. Amma akwai na'urorin da aka gina su musamman don ilektiron ya yi wannan tsalle a fili marar iska. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi ta gidan kakanku ɗaya ce. A cikinta ana sakin ilektiron su gangara tudun bolt wajen 25,000, su isa gilashin da gudun da ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na gudun haske, su bugi bayansa, hoto ya fito. Injin ɗaukar hoton ƙashi, irin wanda ake tura mutum ya yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, shi ma haka yake: ilektiron su gangaro dubban bolt, su yi karo da ƙarfe, wani ɓangare na ƙarfin ya fita a matsayin hasken da ke ratsa tsoka. Tambayar da ka tsallake ce ke nuna wa likita inda ƙafa ta karye.

Buhun ƙarshe ya fi wuyar ɗorawa

Sai ka ce, to ai ƙarfin da ke cikin kafasita duka shi ne cajinta sau bolt ɗinta. A'a, rabin haka ne. Je ka Ramin Kura ka tsaya ka kalli 'yan dako suna jera buhunan albasa. Buhun farko a ƙasa ake yar da shi, ba wahala. Na biyu sai an ɗan ɗaga. Kafin a kai na ƙarshe, sai an hau an miƙa, gumi yana zuba. Idan ka haɗa wahalar duka, daidai take da a ce kowane buhu an ɗaga shi rabin tsayin tarin.

Haka cika kafasita yake. Ilektiron na farko da aka kwasa ba tudun da zai hau, don ba a gina shi ba tukuna. Kowane da aka ƙara yana ƙara wa tudun tsayi, na bayansa ya fi shi shan wuya. Daga nan rabin ya fito: ½QV, ko kuma ½CV², inda C take nufin girman cikin kafasitar. Ana auna shi da farad, sunan da aka ɗauko daga Michael Faraday. Duba 'yar 2 ɗin nan da ke saman V, kada ka raina ta. Idan ka ninka bolt sau biyu, ƙarfin sau huɗu yake ninkuwa. Sau goma, sau ɗari.

Mu gwada da ta fanka. Yawancinsu za ka ga an rubuta 2.5µF a jiki, wato maikirofarad biyu da rabi. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, amma da yake hawa da sauka take yi, ƙololuwarta tana kai wajen 325. Ka buga lissafin, za ka samu kimanin jul 0.13. Wannan bai fi ƙarfin da za ka ɗaga wayarka mai nauyin giram 200 sama da santimita 7 ba. Batirin wayar kuwa, idan mai 5000mAh ne, yana riƙe da kusan jul 70,000. To me ya sa ɗan wannan abu ya yi tartsatsi har na ja da baya? Sauri. Batir tanki ne mai siririn famfo, yini guda yana tsiyaya. Kafasita bokiti ce, kifar da ita ake yi lokaci ɗaya.

To ina ruwan fanka da duk wannan?

Wutar gida ba hanya ɗaya take bi ba, gaba da baya take yi, zagaye 50 a kowace daƙiƙa. Idan naɗin waya ɗaya ne a cikin fanka, maganaɗisun da yake haifarwa turawa da ja kawai yake yi a layi ɗaya. Fankar ba ta san ko dama za ta bi ko hagu ba, sai ta tsaya tana rawar jiki. Gurnanin da kake ji ke nan. Shi ya sa ake sa naɗi na biyu a wani gefen, a bi da wutarsa ta cikin kafasita. Ita kuma tana cika tana juyewa sau 100 a daƙiƙa, tana karɓar ƙarfi tana mayarwa, wannan ya sa bugun naɗi na biyu ba ya faɗuwa lokaci ɗaya da na farko. Kamar mata biyu suna lugude, wannan ta ɗaga taɓarya waccan ta sauke. Turi biyu daga gefe biyu, ɗaya na bin ɗaya, shi ke zama juyi.

Idan kafasitar ta mutu, mai lugude ɗaya ta tafi. Sandar mofarka ce ke maye gurbinta. Ga wata alama: fankar da kafasitarta ta mutu murus, duk ɓangaren da ka tura ta nan za ta bi, ko da baya ne. Idan kuwa ba ta mutu ba, rauni kawai ta yi, fankar za ta tashi da kanta amma ko ka kai ta lamba biyar tafiyar hawainiya za ta yi. Zafi yana cikin abubuwan da ke rage wa kafasita kwana, ita kuma a ƙarƙashin kwanon rufi take zaune, a Sakkwato. Ka ga ba sai an yi duba ba. Injin jan ruwa da na'urar sanyaya ɗaki su ma suna da irinta, babba, kuma cutar ɗaya ce: gurnani ba tashi. Kada ka bar injin yana gurnanin, naɗin wayarsa zafi yake ɗauka, daga gyaran ɗan akwati sai a koma sake naɗi.

Wasu tsofaffin masu gyara kwandansa suke ce mata. Sunan yana da asali, Alessandro Volta na Italiya, wanda bolt ya ci sunansa, shi ya fara kiran ta da irinsa. Sai dai ka kula a shagon masu gyaran firji, can kwandansa wani abu ne daban.

Kai ma kafasita ne

Bari hunturu ya shigo. Iska ta bushe, leɓe ya tsage, ka sa rigar sanyi ta roba da takalmin roba, ka sauko daga mota ka kai hannu ƙofa. Tas! Har ka yarfe hannu ka waiga ko wani ya gani. Wani lokaci ma wajen gaisawa ne, ku duka biyu ku zabura. Ba aljanu ba ne, ba kuma jininka ne ke da wuta ba. Gogayyar tufa da kujera ta raba caji, jikinka ya zama falle ɗaya, motar ko ƙasa ta zama na biyu, takalminka da busasshiyar iska suka zama leda. Da damina laimar iska tana tsiyayar da cajin a hankali, shi ya sa ba ka ji.

Kafin ka ji irin wannan cizon, jikinka ya hau bolt dubu biyu zuwa uku, kuma yana iya wuce 10,000. Me ya hana ka mutuwa? Cikin kafasitar jikin mutum ƙarami ne ainun, kimanin kashi ɗaya cikin 25,000 na ta fanka. Ko a bolt 10,000, ƙarfin bai wuce jul 0.005 ba. Tudu ne mai tsawo, amma cokali ɗaya na ruwa ne a kansa. Sai dai ga inda ba a wasa: ɗan wannan tartsatsin ya isa ya kunna tururin fetur, har da rara. Shi ya sa ake jona tankar mai da ƙasa kafin a fara juye. Idan kana ɗura wa janareta mai daga jarka cikin hunturu, kashe shi tukuna, ka taɓa wani ƙarfe da ke nesa da bakin tankin, sannan ka buɗe.

Ta irin wannan cizon aka gano kafasita tun farko. A 1745 Ewald von Kleist, sannan Pieter van Musschenbroek a garin Leiden na ƙasar Holan jim kaɗan bayansa, suka tara caji a kwalbar gilashi mai ruwa a ciki. Ruwan falle ɗaya, tafin hannun mai riƙe da kwalbar falle na biyu, gilashin shi ne ledar. Musschenbroek ya taɓa wayar da ɗaya hannun, abin ya girgiza shi har ya rubuta wa wani masani a Faransa cewa ko masarautar Faransa za a ba shi ba zai sake ba. Babbar yayarsu duka kuwa ita ce ke tasowa daga gabas da farkon damina. Gindin hadari falle ne, ƙasa falle ce, iska leda. Busasshiyar iska tana jure kimanin bolt 3,000 a kowace milimita kafin ta huje. Tsakanin hadari da ƙasa ana tara miliyoyin bolt, ranar da iskar ta kasa, walƙiya ce da aradu.

Wayar da kake karanta wannan a kanta ma cike take da su. Ƙarƙashin gilashin akwai raga ta 'yan ƙananan kafasitoci. Yatsanka yana ɗaukar lantarki, don haka idan ya kusanto sai ya canja yawan cajin da na wurin ke riƙewa, wayar ta gane inda ka taɓa. Shi ya sa safar hannu ba ta aiki, ɗigon ruwa kuma yake buɗe maka TikTok ba ka aike shi ba. RAM ɗin da ake cika baki da shi, "tawa 4GB ce", kafasitoci ne sama da biliyan 30, kowace tana riƙe da amsa ɗaya: a cike nake, ko ba komai. Suna yoyo, don haka wayar tana bi tana sake cika su sau da dama a kowace daƙiƙa. Ka cire wasu cajojin daga soket ka ga 'yar fitilarsu ta ɗan jima kafin ta mutu, ita ma kafasita ce ke juye sauran abin da ke cikinta.

Inda wasa ya ƙare

Wannan 'yar fitilar nake so ka riƙe a ranka, musamman kai da ka fara koyon haɗa sola, ko kake kallon bidiyon gyara a YouTube kana jin kai ma ka zama injiniya. Sana'a ce mai kyau, kuma garin da rana ta yi wa yawa irin namu, wanda har Cibiyar Binciken Makamashi gare shi a jami'ar Danfodiyo, yana buƙatar masu ita. Amma cire filogi ba ya nufin wuta ta tafi. Tankin yana nan a sama.

Kafasitar da ke cikin na'urar ɗumama abinci ta maikirowef ba ta fi maikirofarad ɗaya ba, ta fi ta fanka ƙanƙanta a ciki, amma a bolt wajen 2,000 take aiki. Tuna 'yar 2 ɗin nan ta saman V. A cikin inbata kuwa akwai manya. Mai maikirofarad 1,000 a bolt 400 tana riƙe da jul 80, fiye da ta fanka sau 600. Don ka gane nauyin wannan lamba: na'urar da likitoci ke ɗora wa mutum a ƙirji idan bugun zuciyarsa ya rikice, ita ma kafasita ce ake cikawa a juye, kuma jul 150 zuwa 360 take bayarwa ga babban mutum. Ƙarfin da ake gyara bugun zuciya da shi, irinsa ne ke iya ɓata shi idan ya shiga ta hannu ɗaya ya fita ta ɗayan. Shi ya sa za ka ga an rubuta a jikin inbata da yawa cewa a jira wasu mintuna bayan an kashe kafin a buɗe. Akwai 'yar hanyar da aka yi wa cajin ya tsiyaye a hankali, amma ita ma tana lalacewa. Gwani ba ya yarda da jira kaɗai, sai ya sa mita ya ga bolt ɗin ya sauka. Maikirowef da tsohuwar talabijin kuwa, idan ba a koya maka hannu da hannu ba, kada ka kwance ko noti ɗaya.

Ta fanka ita ce mai sauƙin, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Idan za ka saya, tafi da tsohuwar shago. Lambar µF ta zama daidai da ta da. Lambar bolt ta zama daidai ko ta fi, kada ta gaza. Za a samu wanda zai ce maka ka sa mai girma don fanka ta ƙara gudu. Za ta ƙara ɗin, naɗin wayar kuma ya riƙa ɗaukar zafin da ba a yi shi dominsa ba. Wajen sawa, kada ka ce ai an ɗauke wuta, ba sallama suke yi kafin su dawo da ita ba. Kashe ta daga babban makunnin gidan, ko ka kira mai gyara.

Ni dai dattijon nan ya ɗaura sabuwar, ya naɗe wayoyin da salatif, ya sauko, ya ce in kunna. Ta tashi da kanta, labule ya fara kaɗawa, takardun da ke kan tebur suka watse. Na biya shi, na raka shi ƙofa, na mayar da sandar mofa bayan ɗaki inda ta fito. Na dawo na miƙe a kan tabarma daidai ƙarƙashinta. Ban fi minti goma ba aka ɗauke wuta.